Zamewa ɗaya a kan ƙanƙara: Gardamar koci da ɗan wasan baya da ta raba kan mutanen Montreal

A daren 17 ga watan Fabrairun 2016, saura kimanin minti biyu a tashi wasa a birnin Denver na Amurka, ƙungiyar Montreal Canadiens ta ƙasar Kanada da mai masaukinta Colorado Avalanche suna kunnen doki, ci biyu da biyu. Ɗan wasan bayan Montreal, P.K. Subban, yana riƙe da faifan wasa a ɓangaren abokan hamayya, yana neman kafar da zai kutsa. Sai ƙafarsa ta zame, ya faɗi. 'Yan Colorado suka kwashe faifan suka nausa gaba, tsohon hannu Jarome Iginla ya jefa shi a raga. Aka tashi uku da biyu.

Faɗuwa a kan ƙanƙara ba baƙon abu ba ne a wannan wasa. Abin da ya tayar da ƙura shi ne kalaman kocin Montreal, Michel Therrien, bayan an tashi. Ya shaida wa manema labarai cewa wasan son kai na mutum guda ne ya jawo musu rashin nasara. Kowa ya san da wa yake.

Kafin gari ya waye, magoya bayan ƙungiyar sun rabu gida biyu. Wasu na cewa koci ya faɗi gaskiya, yaron ya cika ganganci. Wasu na cewa kocin da dabara ta ƙare masa ne yake neman wanda zai ɗora wa jakar tsaba. Cikin shekara guda daga wannan dare, duka mutanen biyu sun bar Montreal, amma gardamar ba ta bi su ta tafi ba.

Yadda wasan yake

Ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ake kira hoki, ita ce wasan da mutanen Kanada suka fi ƙauna. Ana buga ta ne a fili mai daskararren ruwa, 'yan wasa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulu a guje riƙe da sanduna. Maimakon ƙwallo, wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri ake bugawa. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili: masu kai hari uku, 'yan baya biyu, da mai tsaron raga. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20, kuma saboda tsananin gudu, ana sauya 'yan wasa a kai a kai ba tare da an tsayar da wasa ba.

Aikin ɗan baya shi ne ya tare hari, ya ƙwace faifai, ya fitar da shi daga yankinsu. Idan ƙungiyarsa ce ke kai hari, yakan tsaya a bakin wani shuɗin layi da ke iyakar yankin abokan hamayya. Nan ne wuri mafi haɗari a rasa faifai, domin idan aka ƙwace a hannunsa, bayansa fili ne fetal har zuwa raga. Shi ya sa koci-koci da dama suka fi son ɗan bayan da zai miƙa faifai da wuri ya koma gida. Sai dai akwai wasu 'yan bayan da baiwarsu ita ce riƙe faifai da yanke mutane, kamar yadda ake samun 'yan bayan gefe masu hawa gaba a ƙwallon ƙafa. Subban yana cikin irin waɗannan.

Birnin da hoki ya zama masa jini da tsoka

An kafa Montreal Canadiens a 1909, kuma ta ci kofin Stanley, babban kofin gasar NHL ta Kanada da Amurka, sau 24. Babu ƙungiyar da ta kai ta. Amma rabonta da kofin tun 1993. Filinta na Bell Centre yana ɗaukar mutum kimanin 21,000, kuma ana fashin baƙin kowane wasa a rediyo da talabijin da jaridu cikin harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi.

Batun harshe ma yana cikin abin da ke ƙara wa kujerar koci zafi. Montreal tana lardin Quebec ne, inda akasarin jama'a ke magana da Faransanci. A ƙarshen 2011, da aka naɗa Randy Cunneyworth kocin riƙon ƙwarya alhali ba ya jin Faransanci, sai da aka yi zanga-zanga a ƙofar filin wasa. Masu sukar ƙungiyar sun daɗe suna cewa wannan sharaɗi yana taƙaita mata zaɓi. A 2012 ta dawo da Therrien, wanda ta taɓa kora a 2003.

Therrien ba ɗan koyo ba ne. Shi ne ya kai Pittsburgh Penguins wasan ƙarshe na kofin Stanley a 2008. An kore shi a Fabrairun 2009, kuma watanni kaɗan bayan haka ƙungiyar ta ɗauki kofin a hannun wanda ya gaje shi, Dan Bylsma. Masoyansa sukan ce shi ya gina tubalin. Masu adawa da shi kuwa sukan ce tafiyarsa ce ta buɗe hanya. An san shi da tsauri da son bin tsari sau da ƙafa.

Tauraron da ba ya ɓuya

An haifi Subban a Toronto a 1989. Mahaifinsa ɗan asalin Jamaica ne, mahaifiyarsa kuma daga tsibirin Montserrat. Montreal ta zaɓe shi a 2007, kuma a 2013 ya lashe kyautar Norris, wadda ake bai wa gwarzon ɗan baya na gasar. A 2014 ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 72. A Satumbar 2015 ya yi alƙawarin tara dalar Kanada miliyan 10 domin asibitin yara na Montreal, abin da ya ƙara masa farin jini har a wajen waɗanda ba su damu da wasa ba.

Mutum ne mai fara'a da son ado, mai bayyana murnarsa a fili idan ya ci. Al'adar hoki kuwa ta fi yaba wa mai kame kai. Tun farkon dawowar Therrien ya hana wata gaisuwar tafa hannu sau uku da Subban da mai tsaron raga Carey Price suka saba yi idan sun ci wasa. A 2015 da 'yan wasa suka kaɗa ƙuri'ar zaɓen kyaftin, Max Pacioretty suka zaɓa.

Akwai kuma batun launin fata. Baƙaƙen fata 'yan ƙalilan ne a gasar, wadda sai a 1958 ta samu baƙar fata na farko, Willie O'Ree. A watan Mayun 2014, bayan Subban ya ci wa Montreal wasa a kan Boston Bruins a ƙarin lokaci, an yi masa ruwan zagi na wariyar launin fata a Twitter, har hukumomin ƙungiyar Boston suka fito suka yi tir da hakan. Don haka wasu daga cikin masoyansa suna ganin ana auna kuskurensa da wani mudu daban. Masu sukar wasansa kuwa sun dage cewa su maganar fili kawai suke yi.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan koci suna da hujja mai sauƙin fahimta. Wasa ya zo ƙarshe, ana kunnen doki, a gidan wasu. Idan aka kai ƙarshen lokaci a haka, ƙungiya ta tabbatar da maki ɗaya ko da ta sha kashi a ƙarin lokaci. A irin wannan hali, in ji su, ɗan baya mai hankali zai tura faifan can cikin kusurwa ne ya huta. Mutumin da ke karɓar dala miliyan tara a shekara bai kamata a riƙa tuna masa da wannan ba.

Masu goyon bayan Subban suka ce a sake kallon hoton bidiyon. Bayan faɗuwarsa akwai sauran 'yan Montreal da suka koma baya, amma aka bar Iginla ba mai gadinsa. Me ya sa sunan mutum ɗaya kawai ya fito? Suka ƙara da cewa ƙungiyar tana fama da ƙamfar cin raga, kuma Subban yana cikin 'yan ƙalilan da ke ƙirƙiro dama. A wannan kaka ya tara maki 51 a wasa 68, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, adadi mai yawa ga ɗan baya. A ganinsu, ba a cin moriyar mai kasada a ranar da ta yi kyau, sannan a tsine masa a ranar da ta ɓaci.

Daga nan sai gardamar ta koma kan ƙwarewar kocin kansa. Masu sukarsa sun ce tsarinsa na jefa faifai cikin yankin abokan hamayya a bi shi da gudu tsohon yayi ne, yana sa ƙungiya ta riƙa sakin faifai da hannunta. Masu kare shi suka ce a duba sakamako: ya kai ƙungiyar matakin kusa da na ƙarshe a 2014, kuma a kakar 2014 zuwa 2015 ta ci wasa 50 cikin 82.

Wanda ba ya fili

Akwai mutum na uku da gardamar ta rataya a kansa, ko da yake ba ya cikin fili a daren Denver. Shi ne Carey Price. A 2015 ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron raga da ta gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya. Montreal ta buɗe kakar 2015 zuwa 2016 da cin wasa tara a jere. A ƙarshen Nuwamba Price ya ji rauni a gwiwa, kuma bai sake buga wasa ba a kakar. Wasa 12 kacal ya buga. Ƙungiyar da ke saman tebur ta dinga gangarowa har ta kasa samun gurbi a wasannin neman kofi.

Nan ne kowane ɓangare ya ga abin da yake son gani. Masu kare Therrien suka ce babu kocin da zai rasa gwarzon gasa ya tsaya da ƙafarsa. Masu sukarsa suka ce ai raunin ne ya tona asiri, ashe dama Price ne ke rufe ɓarakar tsarin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, da Price yana raga, da yawa daga cikin kurakuran da aka yi ta ƙirgawa a wannan kaka ba za su zama ci ba, kuma ba wanda zai tuna da su. Babban manajan ƙungiyar, Marc Bergevin, ya fito a watan Janairu ya ce laifin a wuyansa yake, kuma koci yana nan daram.

Ciniki da abin da ya biyo baya

A ranar 29 ga watan Yunin 2016, kwana biyu kafin wani sharaɗi a kwantiragin Subban da zai hana a sauya masa ƙungiya ba da yardarsa ba ya fara aiki, Montreal ta yi musayarsa da Shea Weber, kyaftin ɗin Nashville Predators. Weber ya girme shi da kusan shekara huɗu, mutum ne mai ƙarfi, mai zafin bugu, mara yawan magana. Ga mutane da yawa, saƙon a bayyane yake: ƙungiya ta ɗauki ɓangaren koci.

Sai dai kocin ma bai daɗe ba. A ranar 14 ga Fabrairun 2017 aka sallami Therrien, duk da cewa ƙungiyar tana kan gaba a rukuninta. Claude Julien, wanda ya gaje shi a 2003, shi ya sake gadonsa. Makonni biyu bayan haka Subban ya dawo Bell Centre sanye da rigar Nashville. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa, shi kuwa hawaye na zuba a fuskarsa.

A wannan kaka Nashville ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley karon farko a tarihinta, Pittsburgh ta doke ta. A 2018 Subban ya shiga cikin mutum uku da suka yi takarar kyautar Norris. A lokacin masoyansa suna ganin gardama ta ƙare. Amma a 2019 Nashville ta tura shi New Jersey Devils, wasansa ya ja baya, kuma a 2022 ya yi ritaya yana da shekara 33.

Weber kuwa ya zama kyaftin ɗin Montreal a 2018. A 2021 ya jagorance ta zuwa wasan ƙarshe, karon farko tun 1993, tare da Price a raga, Tampa Bay Lightning ta doke su. Raunuka suka hana shi sake buga wasa bayan nan. A watan Nuwamban shekarar aka sallami Bergevin.

Kowane ɗan baya daga cikin biyun ya kai wasan ƙarshe sau ɗaya bayan cinikin, kuma babu wanda ya ɗaga kofin. Wannan ne ya sa har yau idan hira ta biyo ta kan Subban da Therrien a Montreal, kowa yana da shekarar da zai kafa hujja da ita. Masoyan Subban su ambaci 2017, masoyan Weber su ambaci 2021. Kofi na 25 da aka yi duk wannan rigima dominsa kuwa, birnin yana nan yana jira.