Taswirar da Ake Iya Yi wa Gyara

Taswirar da aka buga kafin 1991 tana nuna Tambuwal da Kebbe a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, da Zamfara a 1996, sai garuruwan biyu suka koma kusa da iyaka, taswirar takarda kuwa ta tsufa nan take.

Taswirar fekta ba hoto ba ce. Kwamfuta tana adana kowane abu da lambobin matsayinsa a doron ƙasa: masallaci ɗigo ne, hanyar Sakkwato zuwa Jega layi ce, kasuwa kuwa fili ne kewayayye. Saboda haka ana iya gusar da layi guda ba tare da an taɓa sauran ba, kuma komai faɗaɗa ta ba ta dushewa.

Amfaninta ya fi fitowa a wuraren tarihi. Sifawa, ƙaramin garin da Shehu Usmanu ya mai da mazauninsa kafin ya koma Sakkwato a 1815, misali ne. Ginin ƙasa yana zaizayewa kowace damina. Ɗalibai masu wayar hannu na iya sanya abin da ya rage cikin OpenStreetMap tun dattawan da suka san wuraren suna raye.