Giya da Shanyewar Ɓarin Jiki

Hukuncin giya sananne ne, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta riga ta yanke shi. Abin da za mu bayyana a darasin yau shi ne ɓarnar da take yi a ɓoye, wadda ba a gani sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauke da ita. Idan jijiya ta toshe ko ta fashe, ƙwayoyin da ke tsakiyar wurin sukan mutu cikin mintoci. Na gefe kuwa sukan jure wasu awoyi, kuma su ne likita ke fafutukar cetowa.

A nan mashayi yake shiga uku. Allah Ya sanya wani sinadari da ake kira gulutamat, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zaburar da juna da shi. Giya tana danne aikinsa. Idan aka yi shekaru ana sha, sai ƙwaƙwalwa ta rama ta hanyar ƙara yawan ƙofofin da ke karɓarsa. To, ranar da jini ya yanke, gulutamat yakan malalo kamar ruwan Telwa da damina, ya tarar da ƙofofi birjik, sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin har ya halaka su. Gwajin da aka yi a kan ɓerayen da aka daɗe ana ɗura wa barasa mai yawa ya nuna wurin da ke mutuwa ya fi faɗi. Ga hawan jini, ga hanta da ta gaji har jini ba ya daskarewa da wuri.

Abin da ya fi damun mu shi ne kunya. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, sai iyali su ce maye ne, su rufe ƙofa don kada maƙwabta su ji. Alhali maganin narkar da gudan jini, inda ake samunsa, galibi ba a bayar da shi bayan awa 4 da rabi, kuma tsakanin Agadas da Yamai ya haura kilomita 900, balle mai haƙar zinari a Jado. A garzaya da shi babban asibitin Agadas, a gaya wa likita gaskiya.

Haka wanda ya tuba da shigowar azumi bayan shekaru yana sha kullum. Ƙofofin nan suna nan a buɗe, yankewa farat ɗaya kan jawo karkarwa, farfaɗiya da ruɗewa cikin kwana 2 zuwa 3, wani ma ya rasa ransa. Mu raka shi wurin likita tun daren farko.