Sikelin da Ake Auna Fitattun Kundayen Waƙoƙin Rok da Kantiri

A cikin al'adun da suka kafu a duniyar kiɗan Amurka da Birtaniya akwai ta jera kundayen waƙoƙi daga na ɗaya zuwa na ɗari, wani lokaci har zuwa na ɗari biyar, inda mujallu kan tattara ra'ayoyin mawaƙa da makaɗa da masu sharhi domin a fitar da zakaran gwajin dafi. Kundi a nan yana nufin tarin waƙoƙin da mawaƙi ya shirya ya fitar tare ƙarƙashin suna guda. Rok kiɗa ne da ya tsiro a Amurka cikin shekarun 1950, mafi yawan saiwoyinsa daga kiɗan baƙaƙen fata, kuma ƙarfinsa yana ga jitar lantarki da ganguna. Kantiri kuwa kiɗan mutanen karkara ne na kudancin Amurka, wanda ya dogara da jita da gogen Turawa da banjo, kuma ba da labari shi ne ƙashin bayansa. Duk wanda ya dubi waɗannan jerin da idon basira zai lura cewa sikelin da ake awo da shi an ƙera shi ne daidai da rok, shi ya sa kantiri ke fita da ƙwauron mudu ko da hatsinsa ya fi kyau.

Asalin lamarin yana ga faifan kansa. Kafin 1948 faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa biyar a kowace fuska, don haka waƙa guda ake saye, kuma da waƙa guda mawaƙi ke yin suna. A wannan shekarar ce kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar kimanin minti ashirin a kowace fuska, amma sai a tsakiyar shekarun 1960 mawaƙan rok suka ɗauke shi a matsayin aiki guda mai farko da tsakiya da ƙarshe, maimakon buhun da ake zuba waƙoƙi barkatai. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta fitar da Rubber Soul a 1965, wanda ya zaburar da Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys ya shirya Pet Sounds a 1966, shi kuma wannan ya sake zaburar da Beatles. Bayan sun daina yawon wasa a bainar jama'a a watan Agustan 1966, sai suka duƙufa wata da watanni a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan tare da furodusansu George Martin, suna ɗora sauti kan sauti da na'ura mai layi huɗu kacal, har suka haifi Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a 1967.

A wannan shekarar ta 1967 aka kafa mujallar Rolling Stone a birnin San Francisco, wato ke nan sana'ar sharhin rok da wannan salon kundi tagwaye ne, tare suka girma. Ba abin mamaki ba ne da mujallar ta fitar da jerinta na kundaye 500 a 2003, bisa ƙuri'un mutum 273, aka ga Sgt. Pepper a kan gaba, Pet Sounds na biye, sannan a cikin goman farko huɗu na Beatles ne, biyu na Bob Dylan. Da aka sake zaɓe a 2020 da mutum sama da 300, waɗanda aka faɗaɗa su suka haɗa da ƙarin mata da baƙaƙen fata da matasa, sai What's Going On na Marvin Gaye, wanda ya fito a 1971 kuma yake na shida a da, ya haye na ɗaya, Blue na Joni Mitchell ya zo na uku, Sgt. Pepper kuwa ya gangara zuwa na 24. Ko ɗigo ba a sauya ba a cikin waƙoƙin a tsawon shekaru 17 ɗin nan. Alƙalai ne suka sauya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kowane jeri hoton masu jefa ƙuri'a ne kafin ya zama hoton kiɗan.

Ga kantiri, matsalar ta fi ta alƙalai zurfi, domin kiɗan ya yi girma ne a rediyo da faifan waƙa guda. Shirin rediyo na Grand Ole Opry ya fara fita daga birnin Nashville tun 1925, kuma a 1927 furodusa Ralph Peer ya ɗauki muryoyin Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol, fiye da shekaru ashirin kafin zuwan dogon faifai. Hank Williams, wanda masana da dama ke ɗauka a matsayin uban kantiri na zamani, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29, bai taɓa zama ya tsara kundi irin wanda masu sharhi ke nema ba. Da ƙyar ya sami shiga jerin Rolling Stone ta hanyar tarin waƙoƙinsa 40 da aka haɗa a 1978, shekara 25 bayan ya kwanta dama. Mai karatu zai fi gane girman wannan tawaya idan ya ƙaddara an ce za a auna Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos da kyawun tsarin kaset ɗinsu, alhali gwanintarsu tana cikin waƙa ɗaiɗaya da kuma abin da suke yi a gaban taro.

Duk da haka kantiri yana da kundayen da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowane na rok, kuma babu kamar At Folsom Prison na Johnny Cash. An ɗauke shi ne ranar 13 ga Janairun 1968 a ɗakin cin abinci na kurkukun Folsom da ke jihar Kalifoniya, inda Cash ya yi wasa sau biyu a gaban fursunoni a daidai lokacin da tauraronsa ya dusashe saboda shaye-shayen ƙwayoyi. Mai saurare yana jin maƙogwaronsa ya bushe, yana jin sowar fursunoni, yana kuma jin ana katse shagali da sanarwar kiran wani ɗaurarre da lambarsa domin ya je ofis. Yawancin waƙoƙin na kisa ne da nadama da kewar gida da jiran igiyar rataya, kuma waƙar da aka rufe da ita wani fursuna mai suna Glen Sherley ne ya rubuta ta, yana zaune a sahun gaba bai san za a rera ta ba. Abin da Beatles suka nema da dabarun na'ura na tsawon watanni, wato haɗa waƙoƙi su zama jiki guda, shi Cash ya samu a yini ɗaya, domin wurin da masu sauraron su ne suka ɗinke kundin.

Coat of Many Colors na Dolly Parton, wanda ya fito a 1971, bai kai rabin sa'a ba, amma shi Rolling Stone ta ɗora a kan gaba da ta ware wa kantiri jerinsa na kundaye 100 a 2022. Waƙar da kundin ya ci sunanta labarin riga ce da mahaifiyarta ta ɗinka mata da tsummoki saboda talauci, tana ba ta ƙissar Annabi Yusuf yayin ɗinkin, sannan 'yan makaranta suka yi mata dariya. Red Headed Stranger na Willie Nelson, na 1975, labari guda ne na wani mai wa'azi da ya kashe matarsa da kwartonta ya shiga duniya, kuma kayan kiɗansa sun yi ƙaranci har shugabannin Columbia suka zaci gwaji ne ba a gama ba. Akwai kuma Modern Sounds in Country and Western Music na Ray Charles, na 1962, inda baƙar fata makaho ya ɗauki waƙoƙin da ake ganin na farare ne ya mayar da su nasa, a zamanin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta a kudancin Amurka. Hakan komawa gida ne, domin banjo kanta bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta bisa tsarin kayan kiɗa masu tsirkiya da ƙwarya, dangin gurmi da molo.

Wani abin da jerin ke yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ra'ayin masu saye. Kundin farko na ƙungiyar Velvet Underground, na 1967, bai yi kasuwa ba sam, amma ya zo na 13 a 2003 saboda tasirinsa a kan mawaƙan da suka biyo baya, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Sai dai tasirin da ake ƙirgawa shi ne wanda aka gani a New York da Landan. Mawaƙan kantiri Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers sun shafe shekaru suna cika gidajen rediyo da shagunan kaset a Nijeriya da Gana da Kenya da Zimbabuwe, har Don Williams ya je Harare ya yi wasa a 1997, amma ba a cika jin ɗuriyarsu a saman irin waɗannan jerin ba, domin masu ƙaunarsu ba sa cikin waɗanda ake aika wa takardar ƙuri'a.

Ga wanda ke son shiga wannan fage, jerin yana da amfani a matsayin ɗan jagora, muddin bai ɗauki lambobin a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara ba. Ya fara da Pet Sounds da Revolver na Beatles a ɓangaren rok, ya bi su da At Folsom Prison da Coat of Many Colors, kowanne daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba, kamar yadda masu su suka jera su. Idan an yi awo da gaskiyar murya da nauyin labari, kundin Cash bai kamata ya fita daga goman farko na kowane jeri ba.