Babbar Jif a Hanyar Kamarawa: Ƙarfin Ja Daban, Ƙarfin Ɗauka Daban

Duk magidancin da Allah ya yi wa buɗi a ƙasar Isa da Sabon Birni, iyali kuma suka yi yawa, ba a daɗewa zancen babbar mota zai taso. Ga biki a Sakkwato, ga mai naƙuda da za a kai asibiti da tsakar dare, ga gero da wake da za a kwaso daga gona, ga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Golf ta yi kaɗan, babur kuwa ba ya kwashe gida guda. Sai abokai su ce, "Alhaji, ai jif za ka saya ka huta." Shawara ce mai daɗin ji, kuma wani lokaci ita ce daidai. Sai dai masu ba da ita ba su za su riƙa shan mai ba, ba kuma su za su kwana a daji ba ranar da ta ƙi tashi.

Manyan jif ɗin da ake nufi su ne irin su Land Cruiser da 'yar'uwarta Lexus LX 470 da LX 570, da Sequoia, da Patrol da Armada na Nissan, sai na Amurka zalla: Tahoe, Suburban da Expedition. Dukkansu bodinsu a ɗore yake kan shasi na ƙarfe mai kauri irin na Hilux, yawancinsu kuma inji mai silinda 8 ne da su. Prado da Pajero suna bin bayansu a girma. Highlander da RAV4 kuwa, duk da ana kiransu jif, ƙirar ƙaramar mota ce aka ɗaga.

Akasarin waɗannan motoci don rayuwar wasu mutane aka ƙera su. Suburban tun 1935 ake yin ta, Sequoia kuma a Amurka Toyota ke haɗa ta don kasuwar can. Ba'amurke yana son motar da za ta ɗauki matarsa da 'ya'ya uku, ta kuma ja kwalekwale ko ɗakin kwana mai taya zuwa wurin hutu, a kan kwalta mai santsi. Shi ya sa tallarsu kullum kan ƙarfin ja take. Mu a Kamarawa ba mu cika ja ba. Lodi muke yi. A cika ciki da mutane, a cusa buhu a but, abin da ya rage a ɗaure a sama da igiya. To a nan ne babbar jif ke ba mai ita kunya.

Ɗauki Land Cruiser ƙirar 200, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021. Tana iya jan tirela mai nauyin kilo 3,500, in tirelar na da birkin kanta. Amma ita kanta motar, ba kowa a ciki, nauyinta ya kusa kilo 2,700, iyakar nauyin da aka yarje mata da mutane da kaya duka kuwa kilo 3,350 ne. Abin da ya rage mata ta ɗauka bai wuce kilo 650 ba. Zuba manya 8 a ciki, kowa kilo 65: an cinye 520. Ɗora buhun gero guda mai kilo 100, da jarkar ruwa guda, magana ta ƙare. Motar da mutum ya sayar da shanu ya saya, ga ta cike da buhu ɗaya! Hilux da ba ta kai ta kuɗi ba tana ɗaukar kusan tan guda. Dalili kuwa shi ne nauyin kujerun fata, da na'urar sanyaya ɗaki ta gaba da ta baya, da gilasai, da katon inji, duk sun riga sun cinye rabon kaya tun daga masana'anta.

Wannan lissafi ba ɓoyayye ba ne. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. A motocin da suka fito daga Amurka akwai 'yar takarda manne a wurin, mai nuna yawan mutane da nauyin da bai kamata a wuce ba, da iskar da tayoyi ke buƙata. Dillali zai nuna maka talabijin ɗin da ke bayan kujera da firjin da ke tsakanin direba da mai zaman gaba. Wannan takarda kai za ka nema da kanka.

Na san abin da za a ce: ai muna ɗora fiye da haka, ba abin da ya faru. Gaskiya ne, inji ba zai yi ƙorafi ba, don ƙarfi ya yi masa yawa. Masu shan wahalar su ne sifirin da shokozoba da tayoyin baya, da birki wanda ba zai tsayar da motar a inda ka saba ba. Mafi muni shi ne kayan sama. Jif dama doguwa ce. Ka ɗora mata buhu uku a ka, ka taka gudu, akuya ta gitta ko ka kauce wa rami, sai ta yi adungure da iyalinka a ciki. Taya kuma, da ta haɗa nauyi da zafin Afrilu da ƙarancin iska, fashewa take yi. In an buɗe layin kujeru na uku a Land Cruiser, wurin da ya saura a baya jaka biyu ko uku kawai yake ɗauka; Suburban ce mai tsawon da ke haɗa mutane da kaya, ita kuma tsawon nata ke sa cikinta ya zauna a kan tudun yashi.

Wanda da gaske ja zai yi, ko injin ban ruwa zuwa fadama, ko tankin ruwa, ko 'yar tirelar albasa, akwai abubuwan da zai riƙe. Tirelar da masu walda ke haɗawa da tsohon aksil ba ta da birki, kuma tirela marar birki ƙa'idarta kada ta wuce kilo 750, komai girman motar da ke gaba. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur, ban da ƙarfen da ke ɗauke da shi. In kuma rabi aka cika, ruwan yakan riƙa kai da komo, ka taka birki ya tunkuɗo ka daga baya. Sannan kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela yana sauka ne a kan ƙugiyar bayan mota, kuma daga cikin kilo 650 ɗin nan za a cire shi. Tirela mai tan 2 ta cinye kujerar mutum uku ke nan. In aka tara kaya a wutsiyar tirela don a sauƙaƙa wa mota, sai ta fara lilo hagu da dama har ta kwace wa direba sitiyari. Kaya masu nauyi a ɗan gaban tayoyin tirela ake ajiye su.

Jan da muka fi yi, in za a faɗi gaskiya, shi ne jan motar da ta mace ko ta kafe. Mai jif a ƙauye ba ya rasa mai buga masa ƙofa. Kada a ɗaura igiya a bamba, kada kuma a rataya ta a dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela a fizga, don yana iya tsinkewa ya harbo da ƙarfin da zai fasa gilashi da kan mutum. Akwai ƙugiyoyi a jikin shasi da aka yi don wannan aiki. Yara masu kallo a kore su nesa. Motar da injinta ke a kashe, birkinta da sitiyarinta sukan yi tauri, don haka sandar ƙarfe ta fi igiya in tafiyar da nisa. Ranar da jif ɗin ce da kanta ta mace, in mai otomatik ce, jan ta mai nisa da tayoyi huɗu a ƙasa yana kashe giya. A nemi babbar mota a ɗora ta.

Sai ƙasar da za a taka. Daga an sauka kwalta, yankin nan rairayi ne da rani, da damina kuma laka da kwazazzabai, ga Gagare da Bunsuru da Gulbin Rima suna cika su malala cikin fadama. Ba kowace babbar jif ce ke ja da taya huɗu ba. Da yawa cikin Sequoia da Tahoe da Armada da ake kawowa daga Amurka da tayoyin baya kaɗai suke ja, kuma nauyin tan biyu da rabi a kan rairayi da taya biyu nutsewa ne kawai. A tabbatar akwai ƙaramar giyar ƙarfi, a kuma sa ta a gani tana shiga, domin wadda ta shekara ba a taɓa ta ba takan maƙale. Wili mai inci 20 ko 22 da siririyar taya ado ne na Abuja. A nan inci 17 da taya mai tudu ake so, wadda za a iya rage wa iska in an shiga yashi, a mayar da famfo in an hau titi. A tambayi mai faci a Isa ko yana samun lambar tayar kafin a biya kuɗin mota. Ruwa mai gudu kuwa ba ruwansa da sunan mota: in ya kai cinya, a tsaya a jira.

Mai shi ne abin da ke mayar da babbar jif kayan ado a ƙofar gida. Inji mai silinda 8 yana shan lita 16 zuwa 18 a kilomita 100, wato kusan ninki biyu na Golf, in yana ja ko yana cikin yashi kuma ya zarce haka nesa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tafiyar kilomita 300, zuwa da dawowa, lita 50 ce. Ba kuma kuɗin kaɗai ba: a garuruwan kan iyaka samun man kansa aiki ne. A Nuwamban 2019 kwastan sun hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Satumban 2021 kuma gwamnatin Sakkwato ta hana sayar da shi a jarka saboda matsalar tsaro. Man bumburutu da ya sha ƙura da ruwa, tsohon injin dizal na Land Cruiser ƙirar 70 da 80 yana haƙuri da shi. Sababbin injinan dizal masu kwamfuta ba sa yafewa, gyaran nozul ɗinsu kuma sai an sayar da sa.

A ganina, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: wa zai gyara? Toyota ta mamaye Arewa ne saboda makanike a Buzaye cikin Sakkwato ya san cikinta, kayanta kuma in babu a nan akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano. Tahoe da Expedition sukan zo da araha, arahar kuma da dalilinta: ƙaramin abu zai lalace a jira shi daga Ladipo ta Legas, wani lokaci har daga waje. Lexus LX tana da na'urar ɗagawa da saukar da mota da mai. Daɗi gare ta, amma ranar da ta zube motar durƙushewa take yi, shi ya sa wasu ke cire ta su sa sifirin na gargajiya. Injin 4.7 na LX 470 da tsohuwar Sequoia taimin ɗinsa bel ne, ana canza shi wajen kilomita 145,000, na 5.7 sarƙa ce.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma kowa ya sani. A Satumban 2021 sai da gwamnati ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka koma bi ta Goronyo da Sabon Birni. A Disamban shekarar aka ƙona matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A Yulin 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannun 'yan bindiga cikin Agusta, Allah ya jiƙansa. Babu motar da ta zama garkuwa a wannan hanya. Amma baƙar jif mai baƙin gilashi da ƙyalli tana shela tun daga nesa, kuma masu kai rahoto daji ba sa buƙatar lambar mota kafin su gane ta. Magidanci ya auna wannan da kyau, don matansa da 'ya'yansa ne za su zauna a ciki.

Shi ya sa, ga wanda yawan tafiyarsa kan kwalta ce, Sienna mai kujera 7 ko 8 ta fi masa: cikinta ya fi faɗi, shan manta bai kai ba, ba ta kuma ɗaukar ido, illarta dai ƙasa-ƙasa take. Amfanin gona a ɗauki hayar Kanta sau biyu ko uku a shekara. Wanda kaya suka fi mutane yawa, Hilux mai ƙofa huɗu. Babbar jif ta wanda ke da mutane da yawa ne, da hanya marar kwalta, da abin ja, da kuma aljihun da zai ciyar da ita.

In ka shiga wannan sahu, ka je wurin saye da makanikenka, ba na dillali ba. A leƙa ƙarƙashi: shasin da ya yi tsatsa daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, ko wanda aka yi wa walda bayan hatsari, bai dace da ja ba. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ramin safaya taya, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka ana gwanjonsu su iso nan da sabon fenti. A duba ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta zama iri ɗaya a gindin gilashin gaba, da jikin ƙofa, da takarda. Kasancewar Maraɗi da Ƙonni na kusa, za a yi ta kawo maka motar da ta biyo ta Kwatano a farashi mai daɗi. Ka tuna a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka a kai takardun kwastan ofishinsu a tantance kafin kuɗi su bar hannunka.