In Rawa Ta Sake, Riga Ma Sai Ta Sake

 

Abin da ya jawo hirarmu ta yau wata ɗalibata ce 'yar aji shida. Ta zo mini da wani littafi, ta nuna mini hoton wata Baturiya tsaye bisa kan yatsun ƙafarta, sanye da ɗan siket wanda ya baje kamar faifai. Ta ce, "Malama, yadi ne ya ƙare wa telan?" Aji duka aka kwashe da dariya, har da ni. Amma da na bi tarihin abin, sai na iske ba na dariya ba ne. An yi wajen shekara ɗari biyu ana rage wa siket ɗin nan tsawo kaɗan-kaɗan, har ma akwai wadda ta rasa ranta a kan hanya. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, a Turai, in rawa ta sake, riga ma sai ta sake.

Rawar da ke cikin hoton sunanta bale. Asalinta daga fadojin sarakunan Italiya ne, cikin ƙarni na 15. Daga can ta shiga Faransa, inda wata 'yar Italiya mai suna Katarina de Medici, wadda ta auri sarkin ƙasar, ta ɗaure mata gindi. A 1581 aka yi wani gagarumin wasan bale a fadar birnin Faris, aka shafe wajen awa biyar ana yi. Masu rawar kuwa ba 'yan wasa ba ne, 'ya'yan sarauta ne da matan fada, kuma ɗinkin kayansu ɗaya ne da wanda suke zuwa zauren rawa da shi ranar biki, sai dai ƙarin ado.

Bari in kwatanta muku kayan nan. Da farko akwai rigar ciki mai tauri, wadda ake jera wa wani irin ƙashi na bakin ƙaton kifin teku, a ɗaure ta tamau da igiya ta baya. Sa'an nan a ɗora siket mai nauyi har ƙasa, ga kuma takalmi mai tudun dunduniya. Cikin ƙarni na 18 har wasu abubuwa kamar kwanduna suke ɗaurawa a kwankwaso, dama da hagu, don siket ya buɗe, ta yadda wata sai ta karkace kafin ta shige ƙofa. Mai irin wannan kaya ina ta ga tsalle? Shi ya sa rawar fada ta lokacin, wadda ake kira minuwet, 'yan ƙananan taku ce da rusunawa da yanga.

Tsalle da juyi sai suka zama na maza. Sarki Luwi na 14 da kansa gwanin rawa ne. A 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito cikin wasa a siffar rana, a 1661 kuma ya kafa hukumar kula da koyar da rawa. A babban gidan wasa na Faris maza ne ke rufe fuska su fito a matsayin mata, sai a 1681 aka fara barin mata masu sana'ar rawa su hau dandamali, wata mai suna Lafontaine ce kan gabansu.

Da mata suka shigo, sai kaya suka zame musu dabaibayi. Wata yarinya, Marie Camargo, wadda ta fara fitowa a Faris a 1726, ta iya tsalle tana kaɗa ƙafafu a sama kamar maza, amma wa zai gani, siket ya rufe? Sai ta sa aka rage shi zuwa bisa idon sawu. Yau za mu ce ɗan wannan? Amma a lokacin surutu ya tashi ƙwarai. A 1734 kuma takwararta, Marie Sallé, ta fito a Landan ba kwandunan kwankwaso, gashinta a sake, da riga ta yadi shara-shara irin harsar rawani.

Bayan juyin mulkin Faransa na 1789, kayan fada masu nauyi suka fita yayi. Mata suka koma ga fararen riguna marasa nauyi da takalmi shafaffe. A daidai wannan lokaci wata sabuwar rawa, wals, ta taso daga ƙasashen Jamus da Ostiriya, inda namiji ke riƙe ƙugun mace su yi ta juyi da sauri. Su kansu Turawa abin ya tayar musu da hankali, har jaridar Times ta Landan ta gargaɗi iyaye a 1816 su tsare 'ya'yansu mata daga gare ta. Gargaɗin bai hana komai ba. Mai juyi kuwa ba ta son abin da zai harɗe ta, don haka rigar rawa ta tsaya a idon sawu. Ko daga baya da aka dawo da riguna masu jela, sai teloli suka riƙa ɗinka ɗan madauki a jelar, mace ta rataya a hannu in za ta shiga fili.

A 1832 Marie Taglioni ta fito cikin wasan La Sylphide tana rawa bisa kan yatsu. Rigarta ta zauren biki ce ta zamanin, matsattsiya daga sama, buɗaɗɗiya daga ƙasa, sai dai an tsayar da ita a ƙwauri, an yi ta da farin yadi shara-shara ninki bisa ninki. Ita ce kakar siket ɗin da ke cikin hoton ɗalibata, wanda daga baya aka sa wa suna tutu. Kada ku yi dariya, a bakinsu ba abin da muka sani ba ne. Daga nan sai reshe ya juye da mujiya: da 'yan wasa ke kwaikwayon matan fada, yanzu matan gari ke kwaikwayon farar rigar Taglioni.

To, ga inda labarin ya ɓaci. A wancan zamani da fitilun gas masu harshen wuta ake haska dandamali, yadin nan kuwa ko tartsatsi ya taɓa shi ya kama. A zauren biki ma haka, domin daga 1856 mata suka shiga sa wani keji na waya mai kama da akurki a ƙarƙashin siket, wanda ke kai bakin riga ga murhu ko kyandir mai ita ba ta sani ba. Mata da yawa sun ƙone ta haka. A 1859 hukumar Faransa ta ba da umurni a riƙa tsoma kayan 'yan wasa cikin maganin hana kama wuta. Amma maganin na sa yadi ya yi tauri, farinsa ya dushe. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ta ƙi, har ta rubuta takarda cewa ta ɗauki alhakin abin da duk ya same ta. Cikin Nuwamba 1862, ana gwajin wasa, siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta ruɗe ta yi ta gudu, iska na ƙara hura wutar. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu cikin Yuli 1863 tana da shekara 20.

Rawa ba ta daina yanka wa mata riga ba. Wajen 1913, da rawar tango ta Ajantina ta yi tashe a Faris, siket ɗin yayi matsattse ne ainun, dole teloli suka tsaga shi don ƙafa ta sami taku, aka kuma sassauta rigar cikin nan mai tauri. Zuwa tsakiyar shekarun 1920, zamanin rawar Calestin ta Amurka, bakin siket ya kai gwiwa.

'Yan'uwa, ba rawar Turawa nake kiranmu gare ta ba. Abin lura shi ne, Camargo ta gyara riga don ta dace da aikinta, Emma kuwa, Allah sarki, idon masu kallo ta duba. Mu ma kullum muna tsakanin biyun nan. Kafin ki ba tela yadi, tambayi kanki: zan iya sunkuyawa da tafiya a ciki? In za ki shiga madafa, ajiye gyale da mayafin nailan, ki ɗaura zanen auduga, musamman da hunturu da yara ke kewaye wuta. In kuwa tsautsayi ya sa tufa ta kama, kada a yi gudu. A kwanta a yi birgima, a lulluɓe da bargo, sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar wajen minti ashirin, a nufi asibiti.

Washegari na ba ɗalibata amsa, na ce yadi bai ƙare ba, ƙafa ce ta nemi hanya. Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga gobara, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.