Kimiyya A Yau: Yadda A Ke Maido Da Lissafin Da Aka Share Daga Kwamfuta

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wani abu da ya kan hana manyan 'yan kasuwa barci, watau ɓacewar lissafin kamfani daga cikin kwamfuta, da dabarun da masana suka ƙago na maido da shi.

Kowa ya san babban littafin akawun kanti, inda a ke rubuta sunayen masu bashi, da kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita. To, bankuna da kamfanoni sun mai da wannan littafi cikin kwamfuta, a na ce da shi rumbun bayanai. Tsarin da galibi a ke bi wani masanin lissafi ne na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa shi cikin shekarar 1970. A kan jera kome cikin jadawali, wannan na masu ciniki, wancan na kaya, wancan kuma na kuɗi, kowane na ɗaure da ɗan'uwansa. Akawu ya kan kwana bai gama goge littafi guda ba, amma a kwamfuta umarni ɗaya na kalmomi biyu ko uku ya isa ya kawar da jadawali ɗungum, da dukan abin da ke cikinsa.

Abin da ke ba da sauƙi shi ne, sau da yawa sharewa ba ƙonewa ba ce. Kwamfuta ta kan cire sunan jadawalin ne daga fihirisa, ta ɗauki wurinsa kamar fili, alhali kuwa rubutun na nan kwance har ran da aka rubuta wani abu a kansa. A kan wannan ne masana suka kafa kariya hawa uku.

Hawa na fari shi ne kwandon shara. A rumbun da kamfanin Oracle ke ƙerawa, in an share jadawali sai injin ya sake masa suna ya ɓoye shi, umarni ɗaya kuma ya isa ya fito da shi. Kamfanin Salesforce kuwa ya kan riƙe abin da aka share kwana 15 kafin ya tafi har abada.

Hawa na biyu shi ne littafin aukuwa. Kafin injin ya taɓa kome cikin rumbun, sai ya rubuta abin da za shi yi cikin wannan littafi, bi da bi. Saboda haka in ɓarna ta auku da ƙarfe uku, ma'aikata su kan ɗauko tsohon kwafi, su bi littafin su maimaita kowane aiki, su tsaya daidai minti guda kafin ƙarfe ukun.

Hawa na uku, wanda na biyun ke jingine da shi, shi ne cikakken kwafi da a ke ajiyewa a wani wuri dabam. A nan ne fa a ka fi yin sakaci, kamar yadda labarin kamfanin GitLab ya nuna.

Wannan kamfani aikinsa adana ayyukan masu rubuta manhajar kwamfuta na ƙasashe da yawa. Ran 31 ga Janairu, 2017, da dare, wani injiniyansu na fama da gyaran rumbu na biyu, wanda a ke kwafe na farin a cikinsa. Ya yi nufin ya share na biyun ya sake cika shi, ashe a kan babban rumbun ya ba da umarnin. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsai da shi, amma kafin nan kimanin gigabait 300 sun tafi, saura wajen huɗu da rabi kaɗai. Ga shi kuwa tun daga tushe a ka share, babu kwandon da za a duba.

Sai a ka juya wajen ajiya. Kamfanin na da hanya biyar ta yin kwafi, amma da a ka bi su ɗaya ɗaya, babu wadda a ka tarar tana aiki sosai. Wata ta daina aiki tun tuni, don manhajar da ke kwafin ta tsufa, ba ta dace da sabon rumbun ba. Wasiƙun gargaɗi da injin ke aikawa kuma ba su isa hannun kowa ba. Wata hanyar kuwa ba a ma kunna ta ga wannan rumbu ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da a ka ɗauka da hannu sa'a shida kafin haɗarin, don wani gwaji dabam.

An yi wajen sa'a 18 a na aikin maidowa, kamfanin kuma ya nuna aikin kai tsaye a YouTube, bai ɓoye wa jama'a kome ba. Duk da haka abin da a ka shigar cikin sa'a shidan nan ya salwanta: ayyuka kimanin 5,000, da sharhin da a ka yi a kansu kimanin 5,000, da rajistar sababbin masu hulɗa wajen 700. Cikin bayanin da kamfanin ya buga daga baya, bai ɗora laifin a kan injiniyan ba. Ya nuna cewa babu wanda a ka ɗora wa alhakin jarraba kwafin nan a kai a kai, ya kuwa yi alkawarin gyara wannan.

To, masu sauraro, ko babban banki ne ko ɗan kantin da lissafinsa ke cikin kwamfuta guda, ka'idar ɗaya ce. A yi kwafi, a ajiye shi nesa da asalin, sa'an nan a sa rana a fito da shi a ga ko zai buɗe, tun ba a bukace shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.