Kifin Tudu Ba Shi da Wurin Gudu

Masu kiwon kifi a Jos sun daɗe suna kuka da hunturu: da sanyi ya kama, tarwaɗa ta rage ci, girmanta ya tsaya. Sanyin nan na tudun da ya kai mita 1,200 shi ne ya karɓi kifin kaf da aka kawo gonar kifi ta Panyam daga Ostiriya a 1954. Don haka mai tafkin da ya ce ɗumamar yanayi alheri ce gare shi yana da hujja, domin tarwaɗa da karfasa sun fi yin ƙiba a ruwa mai ɗumi. Sai dai ribar tafkin kiwo daban, lafiyar rafi daban.

Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norway, ya nuna inda aka dosa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2005 ya gano cewa cikin shekara 25 kusan kashi biyu cikin uku na nau'o'in kifin da aka duba sun sauya mazauni, galibi zuwa arewa ko zuwa zurfi. Adadin nau'o'in tekun ma ƙaruwa ya yi, saboda ƙananan kifayen kudu sun shigo, yayin da manyan kifayen sanyi irin su kod ke ja da baya. Wanda ya tsaya ga ƙidaya kawai zai ce an samu ci gaba, alhali baƙin da ake samu ko'ina ne ke maye gurbin 'yan gida.

Lamarin Filato ya fi tsanani. Kifin teku yana da arewar da zai nufa. Kifin rafukan da ke gangarowa daga Dutsen Shere, mai tsayin mita 1,829, sama kaɗai zai iya yi, saman kuwa yana da iyaka. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Za a ce haƙar kuza, ban-ruwan lambu da dattin da ake zubawa a Kogin Dilimi sun fi zafi ɓarna. Haka ne, amma rafin da aka sare masa inuwa, aka janye masa ruwa da rani, shi ke saurin ɗaukar zafi. Barin itatuwa a bakin rafi da rage jan ruwa su ne sanyin da ke hannunmu, kuma daga waɗannan tuddai ne kogunan Kaduna da Gongola suke samo ruwansu.